Kare maci na nawa ne a sarƙar abinci?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina aji biyu a babbar sakandare. An koya mana sarƙar abinci a bayoloji, cewa akwai tsirrai, sai maci na farko, maci na biyu da maci na uku. A littafinmu an sa kare cikin masu cin nama, wato maci na biyu. To amma karen maƙwabtanmu ban taɓa ganin ya kama ko ɓera ba, ragowar tuwo da ƙanzo ake zuba masa, kuma ga shi ɓul-ɓul. Na tambayi ƙawata, ta ce su a makarantarsu maci na uku aka ce musu. Don Allah wanne ne daidai? Kuma ina za a sa kaza da kyanwa da kura da ungulu, da mu kanmu mutane?"

Wa'alaikumus salam, 'yata. Allah ya ƙara basira. In na fahimce ki, kin ga abu uku da suka ƙi haɗuwa: abin da littafi ya ce, abin da aka gaya wa ƙawarki, da abin da idonki ya gani a kwanon karen maƙwabta. To littafinki bai yi ƙarya ba, ƙawarki ba a koya mata shirme ba, idonki ma bai yaudare ki ba. Matakin da dabba ke kai a sarƙar abinci ba sarauta ba ce da za a naɗa mata rawani ta mutu da shi. Ana ƙirga shi ne daga abin da ta ci, in abincin ya canza matakin ya canza. Kare kuwa yana cikin dabbobin da suka fi kowa canza abinci, shi ya sa yake rikita ɗalibai kowace shekara.

Daga ina ake fara ƙirga

Ana fara ƙirga daga tsiro, don shi ne ke haɗa abincinsa da kansa daga hasken rana da ruwa da iskar kabon. Gero, dawa, ciyawa, kuka, gansakukar da ke kan tafki, duk suna gindin sarƙar. Duk wanda ya ci tsiro kai tsaye, shi ne maci na farko: akuya, zomo, fara, saniya. Wanda ya ci maci na farko ya zama maci na biyu, kamar ƙadangaren da ya cafke fara. Wanda ya ci ƙadangaren, a ce maciji, shi ne maci na uku. In shaho ya sure macijin, ya zama na huɗu.

Akwai wani tarko a nan da nake zargin shi ne ya raba ki da ƙawarki. Ƙirga iri biyu ce ake yi. Akwai ƙirgar maciya, wadda ba ta sa tsiro a lissafi tunda shi ba ya cin kowa. Akwai kuma ƙirgar matakai, wadda ke ba tsiro mataki na 1. A wannan ta biyun, akuya tana mataki na 2 alhali ita ce maci na farko, kare da ya ci naman akuya yana mataki na 3 alhali maci na biyu ne. Saboda haka yana yiwuwa malaminsu ya ce kare yana mataki na uku, ita kuma ta riƙe shi a matsayin maci na uku. Na sha ganin wannan kuskuren a takardun jarrabawa har ba na iya ƙirgawa. Yana kuma yiwuwa sarƙar da aka zana musu ce ta fi taku tsawo, zan zo kan wannan.

Tunanin ba sabo ba ne. Al-Jahiz, malamin Basra da ya rayu a ƙarni na 9, ya yi bayanin yadda dabbobi ke rayuwa da cin junansu, mai ƙarfi ya ci mai rauni, shi ma wani ya ci shi. Wani Baturen Ingila, Charles Elton, shi ya yaɗa maganar sarƙar abinci a ilimin zamani a 1927. Sai a 1942 wani matashi ɗan Amurka, Raymond Lindeman, bayan ya yi shekaru yana nazarin wani ɗan tafki a jihar Minnesota, ya nuna yadda kuzari ke raguwa daga mataki zuwa mataki. Daga aikinsa aka samo ƙa'idar da ke littafinki, cewa wajen kashi 10 cikin 100 ne kawai na kuzarin da ke wani mataki yake isa na gaba. Sauran ya tafi a numfashi da motsi da zafin jiki da kashi, da sassan da ba a ci ba. Wannan kashi 10 ɗin matsakaici ne, wani wuri ya gaza haka, wani wuri ya fi. Amma ya isa ya nuna miki dalilin da sarƙa ba ta cika wuce gaɓa huɗu ko biyar ba: in ciyawa ta tara awo 10,000 na kuzari, fari za su samu 1,000, ƙadangaru 100, macizai 10, shaho ya tashi da 1.

Karen kawuna

Ina yaro a ƙauye, kawuna mafarauci ne, yana da wani jan kare mai yankakken kunne. In rani ya yi aka gama girbi, ana buga gangar farauta ya fi kowa zumuɗi. Bari in ba ki abincinsa na rana ɗaya kamar yadda na sha gani. Da safe matar kawu za ta kankare ƙanzon tukunyar tuwon dawa, ta jiƙa da ruwa a wani tsohon kasko, ta ajiye masa a bayan danga. Da ya lashe wannan, ya ci tsiro kai tsaye, ba shi da bambanci da akuya: maci na farko. Da rana a daji in aka kama zomo, kawu zai farke cikin nan take ya jefa masa hanjin tun da ɗuminsa, wannan shi ne ladansa. Zomo ciyawa yake ci, don haka kare ya zama maci na biyu. Can kuma sai a tono damo daga rami, kare ya samu rabonsa. Damo kuwa ƙwari da ƙwai da ƙananan halittu yake ci, shi kansa maci na biyu ne, to ga kare ya hau na uku. Kare ɗaya, yini ɗaya, matsayi uku, kuma bai san ya yi ba.

Da damina ta faɗi aka daina farauta, sai ya koma kusan kacokan kan ƙanzo da ragowar tuwo da abin da ya tsinta a bola. Karen maƙwabtanku kullum damina yake ciki.

Me ya sa littafi ya ce mai cin nama ne

Saboda littafi ya duba asalinsa da ƙirar jikinsa. Kare ya samo asali ne daga kyarkecin ƙasashen Turai da Asiya, irin wanda ke farautar barewa da manyan namun daji a ƙungiya. Wannan ba shi ne kyarkecin dajin Afirka mai dabbare-dabbaren jiki ba, ko da yake suna ɗaya muke kiransu da shi. Dangi ne, amma jinsi daban.

A ɗakin gwaje-gwajen makarantar da nake koyarwa akwai ƙoƙon kan kare da na rago, kuma duk shekara nakan ajiye su a teburi in ce ɗalibai su zo su taɓa. Ke ma ki duba kan ragon layya in Sallah ta zo kafin a babbake. Za ki ga ba shi da haƙoran gaba a sama ko ɗaya, dadashi ne mai tauri kawai, da shi yake danne ciyawa ya fizge. Turamensa masu faɗi ne, muƙamuƙinsa yana tafiya gefe da gefe kamar dutsen niƙa. Kare kuwa, babba yana da haƙora 42. Ga fiƙoƙi huɗu dogaye na riƙe abin da ya kama, ga wasu haƙora a can ciki masu kaifi da ke gogar juna kamar almakashi, su yake karkata kai ya sa wa ƙashi da jijiya. Muƙamuƙinsa sama da ƙasa kawai yake yi, ba ya niƙa. Hanjinsa gajere ne in aka kwatanta da na rago, ba shi da tumbi mai ɗaki huɗu, ba ya tuƙa. In kin ga yana tsinkar ciyawa, ba za ta ƙosar da shi ba, don cikinsa ba ya iya narkar da ita.

To ta yaya tuwo ke karɓarsa har ya yi ƙiba? Nan ne zama da mutane ya yi aikinsa. A 2013 wasu masu bincike a jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin, ƙarƙashin Erik Axelsson, suka kwatanta ƙwayoyin gadon kare da na kyarkeci. Akwai wata ƙwayar gado da ke sa jiki ya samar da amilas, sinadarin da ke narkar da sitaci. Kyarkeci yana da kwafi 2 nata, karnukan da suka duba kuwa suna da daga 4 har zuwa 30. Wato tun da ɗan Adam ya fara noma, karnukan da cikinsu ya iya karɓar ragowar hatsi su suka fi rayuwa a gefen gari suka hayayyafa. Sharaɗin shi ne sitacin ya dahu. Ɗanyen gero ba zai yi masa amfanin da tuwo ke yi ba.

Sai ki lura da abu ɗaya. Masana suna da wani babban rukunin dabbobi da sunansa ke nufin masu cin nama, a ciki akwai kare da kyanwa da zaki da kura. Amma rukunin na dangantaka ne, ba na abin da ke cikin kwano ba. Dabbar nan ta ƙasar Sin mai fari da baƙi, fanda, tana cikinsa, alhali kusan duk abincinta gora ne. A sarƙar abinci fanda maci na farko ce, kamar tunkiya.

Yadda masana ke lissafa shi da lamba

Da yake dabbobi da yawa suna ci daga matakai daban-daban, masana ba sa tsayawa kan 2 ko 3 cif. Sukan duba kason kowane abinci, su fitar da matsakaicin matakinsa, sannan su ƙara 1. Bari mu yi misali da karen maƙwabtanku, da lambobin da na ƙaddara don lissafi kawai tunda ke ce ke ganin kwanonsa. A ce kashi 80 cikin 100 na abincinsa tuwo ne da shinkafa, su suna mataki na 1. Kashi 20 ƙashi ne da guntun naman akuya, mataki na 2. Sai ki ce 0.8 sau 1, a tara da 0.2 sau 2, ya ba da 1.2. Ki ƙara 1, kin samu 2.2. Karen yana dab da akuya, wadda ke kan 2, kuma yana nesa da kyarkeci, wanda ke wajen 3 ko sama.

Da wannan hanyar aka auna mu mutane. Wasu masana a Faransa, Sylvain Bonhommeau da abokan aikinsa, sun fitar da sakamako a 2013 cewa matsakaicin matakin ɗan Adam a duniya 2.21 ne, daidai da alade. Burundi, inda kusan duk abincin tsiro ne, ta samu 2.04. Aisland, wata ƙasar tsibiri a arewacin Turai inda ake cin kifi da nama sosai, ta samu 2.57. Duk lokacin da na faɗi wannan a aji sai an yi ta gunaguni, don yara sun saba jin cewa mutum ne a ƙololuwa. A iko da dabara haka ne. A lissafin abin da ke shiga ciki kuwa, mai tuwo da miyar kuka da ɗan tsokar nama ɗaya ba shi da nisa da karen gidansa, kuma ba abin mamaki ba ne tunda daga tukunya ɗaya suke ci.

Wannan ne ma ya sa karnuka suka cika duniya. Ana ƙiyasta su da ɗaruruwan miliyoyi, alhali zakunan da suka rage a dazuzzukan Afirka dubu 20 ne da 'yan kai. Ki tuna ƙa'idar kashi 10. Zaki yana jiran kuzarin da ya riga ya ragu sau biyu, kare kuwa ya sauko kusa da gindin sarƙa, ga kuma ɗan Adam yana noma masa.

Sauran da kika tambaya

Kyanwa ita ce mai cin nama ta haƙiƙa. Haƙoranta 30 ne, kusan duk na yanka. Jikinta yana buƙatar wani sinadari, taurin, da ake samu a nama, kuma ba ta iya haɗa isasshe da kanta yadda kare ke yi. In ta rasa shi idonta da zuciyarta sukan lalace. Harshenta ma ba ya jin zaƙi. In ta ci ɓeran da ya ci hatsin rumbu, maci na biyu ce. In ƙadangare ko tsaka ta kama, ta uku ce. Za ta iya lasar tuwo in an cuɗa da miya mai nama, amma ba za ta rayu a kansa ba.

Kaza irin kare ce, ta ma fi shi rashin tsayawa wuri ɗaya. Ta tsattsagi tsaba, ta tona gara, ta bi fara da gudu, cikin minti biyar ta sauya matsayi sau nawa. A ruwa ma haka abin yake: karfasa ta fi cin gansakuka da ƙananan tsirran ruwa, giwan ruwa kifaye yake haɗiya, tarwaɗa kuwa duk abin da ta samu. Wasu kuma shekaru ne ke canza su. 'Ya'yan kwaɗi masu wutsiya yawanci gansakuka suke ci, in sun girma su koma ƙwari. Sauro namiji ruwan furanni yake sha, macen ce ke neman jini don ƙwanta.

Kura an yi mata ƙaurin suna a tatsuniya cewa mushe kawai take bi. Kura mai dabbare-dabbare mafarauciya ce ta gaske, a dazuzzuka da yawa ita ke kashe mafi yawan abin da take ci. Amma ita ma ta iya zaman gefen gari. A kewayen birnin Mekele na arewacin Habasha, kuraye sun dogara da ƙasusuwa da kayan cikin da mahauta da gidaje ke zubarwa. Wani bincike da Gidey Yirga ya jagoranta, wanda ya fito a 2012, ya gano cewa in Kiristocin can suka shiga dogon azuminsu na kwana 55 kafin Ista, lokacin da ba a yanka, sai kurayen su koma kan jakuna. An gane haka ne daga gashin jaki da ya ƙaru a kashinsu. Ko mushe ko farauta, in naman mai cin ciyawa ne kura maci na biyu ce.

Ungulu ma da abin da ta ci ake auna ta. In mushen saniya ne, ta biyu. In mushen kare ne, ta hau samansa. Littattafai da yawa sukan ware ta da ire-irenta a gefe a matsayin masu cin mushe, kusa da gara da buzuzu masu cin matattun tsirrai da kashi, sannan bakteriya da fumfuna su ƙarasa aikin su mayar da komai taki.

Ungulu da kare suna da wata alaƙa da ya kamata ki sani, don kishiyoyi ne a kan abinci ɗaya. A Indiya, cikin shekarun 1990, ungulaye suka yi ta mutuwa har wasu jinsuna suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. Daga baya aka gano dalili: maganin ciwon jiki, dikilofenak, da ake yi wa shanu allurarsa. In saniya ta mutu da shi a jiki ungulu ta ci, sai ƙodarta ta lalace. Gwamnatin Indiya ta hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Kafin nan mushen da ungulu ta bari ya zama na karnukan titi, suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Da nake yaro ba ka zuwa mayanka ka ga rufinta babu ungulaye jere suna jira, har ake cewa ungulu ba ta jewar banza. Yanzu sai in shekara ban ga ko ɗaya ba, karnuka ne ke zagaye wurin. Irin ungulun da muka saba gani a gari tana cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa tun 2015.

Kare ma ana cin sa

Kada ki ɗauka sarƙa a kansa take ƙarewa. Kura tana cin kare, damisa kuwa tana son sa ƙwarai. A gandun dajin Sanjay Gandhi da ke cikin birnin Mumbai, karnukan titi kaso ne mai tsoka na abincin damisoshin wurin. Akwai kuma al'ummomi a Najeriya da wasu ƙasashe da ke cin naman kare. Sai kuma waɗanda ba a cika zana su a allo ba: kaska da ƙuma da tsutsar ciki. Kaskar da ke maƙale a kunnen kare tana shan jininsa tana mataki ɗaya sama da shi, duk ƙanƙantarta. Girman jiki ba ya cikin lissafin nan sam, giwa ma maci na farko ce.

Abin da ke bin sarƙa ba kuzari kaɗai ba ne, guba ma tana bi. Wani maƙwabcina ya taɓa barbaɗa maganin ɓera a ɗakin ajiyar hatsinsa. Bayan kwana biyu aka wayi gari kyanwar gidan ta mutu a tsakar gida, alhali ba ta kusanci maganin ba, ɓerayen da suka fito suna tangaɗi ta kama. Haka maganin ƙwari na DDT ya riƙa taruwa daga ruwa zuwa kifi zuwa mikiya a Amurka, har ƙwanta ya riƙa fashewa saboda rashin kaurin ɓawo, kafin a hana shi a 1972.

A zauren jarrabawa

In tambayar WAEC ko NECO ta ba ki sarƙa a zane, ki manta da duk abin da kika sani game da halin kare, ki sa yatsa a kan tsiro ki ƙirga. Ciyawa, zomo, kare: maci na biyu, mataki na 3. Ciyawa, fara, ƙadangare, kare: maci na uku, mataki na 4. Ki karanta da kyau ki ga maci ake tambaya ko mataki. In ke aka ce ki zana, kan kibiya yana nuna wanda ya ci, don can kuzarin ya nufa. Yara da yawa sukan juya ta su yi asarar maki a banza. In kuma tambayar a kan haƙora ce, ko aka ce ki kawo misalin mai cin nama ba tare da an ba da sarƙa ba, ki rubuta kare hankalinki kwance, don shi manhaja ta ɗauka misali, kuma ƙirar bakinsa ta tabbatar da haka.

Ni malamin aji ne, don haka maganar ko tuwo da ƙanzo kaɗai sun wadatar da lafiyar karen nan sai likitan dabbobi ya duba shi. Ƙiba daban, ƙoshin lafiya daban, kuma kare yana buƙatar furotin fiye da abin da ƙanzo zai ba shi. Ina ma zaton yana ƙarawa da wani abu a bola ko bayan teburin mai nama da daddare, lokacin da kina barci.

Ga aikin da nake ba ɗalibaina, ke ma ki gwada. Ki samu ƙaramin littafi, ki yi mako guda kina rubuta duk abin da kika ga an zuba wa karen ko ya tsinta, daga nesa, ba tare da kin matsa kusa da shi yana ci ba. Kowane abinci ki sa masa matakinsa: tuwo da shinkafa 1, ƙashin rago 2, kan tarwaɗa ko ƙafar kazar gida ki ba su 2.5. Ran na bakwai ki ƙiyasta kason kowanne, ki yi lissafin da na nuna miki, ki kai wa malaminku lambar da kika samu.